Ranar da Na Mai da Baba Bitrus Baya

Ranar da na sauka Gilasgo, can ƙasar Turawa, don karatu, na gane an cuce ni, kuma har yau ban ga fuskar macucin ba. Tun ina Zariya na kama ɗaki ta intanet. Na ga hoton gado, na ga taga, har da tukunyar fure, na tura abin da aka ce in tura. Da na iso da akwatuna biyu na ƙwanƙwasa ƙofa, sai wata tsohuwa ta leƙo da ɗan kare a hammata. Ta ce gidanta ne, ba ta taɓa ba da haya ba, kuma ni ne mutum na huɗu da ya zo mata da wannan magana. Ta ba ni haƙuri sosai, sannan ta rufe ƙofarta.

Na ja kayana zuwa wata tashar bas, ruwa yana tsiyaya a kaina, na kira Yaya Auwalu a Kwarbai na fara zazzaga masa faɗa kamar shi ya cinye kuɗin. Ina da wannan hali, in raina ya ɓaci wanda ke kusa shi ke sha. Wani dattijo baƙi yana zaune da jakar cefane a cinya, ya jira har na kashe waya.

"Samari, wannan Hausar ta ina ce?"

Na juyo kamar an kira ni daga barci. Na ce, "Zariya."

"Zariya da faɗi. Birni ko waje?"

"Kwarbai."

"Ashe ɗan birni ne, shi ya sa faɗan ya yi yawa. Ni Bitrus ne, daga Wusasa. Ɗauki babban akwatin, bar min ƙaramin."

Baba Bitrus nas ne, ya yi ritaya bayan shekara talatin da huɗu yana aiki a asibitocin ƙasar. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Landan. Mako uku na yi a ɗakin 'yarsa. Kirista ne, ba ya fashin coci, amma a cikin durowar ɗakin akwai darduma a ninke, a bango kuma ya manna 'yar takarda da ke nuna alƙibla. Ya ce ya gaji da ganin baƙinsa suna juye-juye da waya a hannu. Daga baya na gane da wuya ka sami ɗan Afirka a wannan yanki da bai taɓa kwana a ɗakin nan ba, ko bai ci tuwon shinkafar Baba da miyar kuka ba. Bai taɓa kirana Nasiru ba, kullum ɗan birni.

Da na sami nawa ɗakin sai kaɗaici ya sako ni gaba. Makaranta, sai wani sito inda nake ɗaukar kwalaye, sai ɗaki. Maƙwabcina na gefe wata biyar muna haɗuwa a matakala, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga gira ba. Ni da na taso a unguwar da ba ka isa ka wuce zaure uku ba a tambaye ka lafiyar mahaifinka ba, abin ya ci min rai. Akwai ranar Lahadin da na lura ban furta kalma ko ɗaya ba tun safe, in ban da salla.

Mahaifina mai gyaran keke ne, rumfarsa tana dab da Ƙofar Kuyambana. Cikin faci da sarƙa da baƙin mai na girma. Lungunan birni babu wanda ban ratsa da keke ba, kuma ranar da babu makaranta har gindin Kufena muke zuwa, mu hau inda ya hawu, mu gangaro babu birkin kirki. Saboda haka ranar da na hango wasu Turawa ta tagar jirgin ƙasa suna fitowa daga daji a kan kekuna masu ƙatuwar taya, jikinsu duk laka, suna dariya, sai kewar keke ta taso min. Na nemi keke na hannu na saya a wurin wani mutum mai fara'a. Kwana huɗu da saye na ɓare wata sitika a jikin ƙarfen, na tarar da tsagewa kamar tsawon yatsa. Ni, ɗan Malam Idi mai keke, aka sayar wa fasasshen keke. Wannan labarin ban kai shi gida ba. Sai da na bi juji da wuraren 'yan gwangwan na haɗa guda ɗaya daga gawar kekuna uku.

Da shi na shiga wani kulob na masu hawan tsaunuka da keke. Mu ashirin da wani abu muka taru ranar farko, ni kaɗai ne baƙi. Sun yi min fara'a, ba zan yi musu ƙarya ba. Sau uku aka tambayi sunana, sau uku aka manta. Da aka fara hawa sai na ga bayansu, daga nan ban ƙara ganin ko bayan ba. Hanya ta rabu uku, babu wanda ya tsaya. Awa biyu na yi ina yawo cikin itatuwa iri ɗaya, sanyi yana cin yatsuna, sai da na bi wani rafi na fito titi. Na same su a mashaya, kowa da kofinsa. Wani ya ɗago ya ce, "Au, mun ɗauka ka koma gida."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba da mugunta ya faɗa ba. Da zagina aka yi, da na san da wanda zan yi. Amma yaya za ka yi faɗa da mutumin da ya manta kana nan? Na ci gaba da zuwa don taurin kai. Ranar da na tsaya sallar azahar a bayan wata bishiya, wani ya biyo ni yana tambaya ko wani abu na yar, ya taya ni nema. Ba su riƙe sunana ba sai ranar da sarƙar shugabansu ta tsinke a tsakiyar daji, na ɗinke ta cikin minti biyar da abin da ke aljihuna.

Sakatariyar kulob ɗin wata malamar makaranta ce, Fiyona, siririya, ba ta rabo da biro da ɗan littafi. Ita ta gayyace ni wani taro da suka kira don gano dalilin da ya sa baƙaƙe da 'yan Asiya ba sa zuwa. Mu tara a kan tebur, ga biskit, ga shayi. Awa ɗaya da rabi ana gardama a kan kalar da za a buga sanarwa da ita. Na yi ta danne zuciyata har ta ƙi dannuwa. Na ce musu direban bas ba zai iya sayen irin kekensu ba. Na ce dajin nan sai mai mota ke isa. Na ce suna barin mutum a baya, kuma kowace fita a mashaya take ƙarewa. Na ce ko da ruwan zinariya suka buga sanarwar babu mai zuwa. Wani ya turo min farantin biskit. Fiyona kaɗai ce take rubutu.

Bayan mako guda ta kai ni bayan ofishinsu ta buɗe wata kwantena. Kekuna takwas ne a jingine, tsofaffi amma lafiyayyu. Ta ce za su ba ni in tara mutanena, amma inshora ba ta yarda a kai jama'a daji ba sai da jagora mai takardar shaida. Za ta riƙa bin mu Asabar shida, ta bakwai ta gwada ni. In na ci, kekunan sun zama namu, har in koya wa wani kafin in bar ƙasar. In na faɗi, za a miƙa su ga wata ƙungiya a wani gari, kuma babu wani gwajin sai bayan sanyi. Bizata kuwa ba za ta kai lokacin ba.

Na ɗauka tara mutane shi ne mai sauƙin. Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci ina tarar 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya.

Wani ɗan Kano ya dube ni sama da ƙasa. "Keke? Malam, na baro Najeriya, na hau jirgi awa bakwai, don in zo in hau keke?"

Wani ya ce, "Ka rufa min asiri. A ga hotona a gida a kan keke cikin laka, ai sai a ce na haukace ko na talauce."

Wani kuma ya ce daji na Turawa ne da karnukansu, shi bai ga abin da ya ajiye a can ba. Mako biyu ina wannan bara, mutum ɗaya na samu, Abdi, wani Basomale direban bas, shi ma don likita ya ce ya rage tumbi. Na je gidan Baba Bitrus na zube a kujera na yi ta mita, na zagi Turawa, na zagi namu. Ya bar ni na gama.

"Ɗan birni, kai ba ka iya kiran mutane ba, sammaci kake ba su. Ni da kake gani, buhun masara na sha ɗaurawa a kariyar keke daga Wusasa har Tudun Wada. Miƙo min wayar can."

Ban san me ya gaya musu ba. Na dai ji yana tambayar wani lafiyar ƙafar matarsa, yana yi wa wata faɗan ta daina zuwa gaishe shi. Ranar Asabar na iso tashar jirgin ƙasa na tarar da mutum takwas. Ga Abdi. Ga Hadiza, 'yar Gombe mai digiri na uku, tana ta fama da yadda hular kwano za ta zauna a kan hijabi. Ga wasu Yarabawa biyu wa da ƙani, da wani ɗan Fakistan mai kantin magani, da wasu biyu da ban taɓa gani ba. Ga kuma Baba da kansa, cikin kwat ɗin zuwa coci, ya cusa ƙafar wando a cikin safa.

Ba zan manta waɗannan Asabar ɗin farko ba. A kowace mararraba sai mun tsaya kowa ya iso, na yi rantsuwa a kan wannan. Baba yana zuwa da ƙosai a kwano, Abdi da shayi mai citta. In lokacin salla ya yi, Baba da Yarabawan su tsare kekuna. Hadiza ta faɗi sau biyar a rana ɗaya, ta tashi tana dariya tana cewa a sake. Hausa, Yarabanci, Somaliyanci, duk suna tashi cikin dajin da da ko tari nake jin nauyin yi. Masu yawo da karnuka suna tsayawa su bi mu da kallo, Baba yana ɗaga musu hannu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zagayen gaisuwar Kirsimeti.

Matsalar ta fito ne da muka bar faffaɗar hanya muka fara shiga siraran. Irin waɗannan hanyoyi mutum ɗaya suke ci, ga saiwoyi, ga duwatsu, ga gangare. Ƙa'idarsu ita ce mai gudu ya wuce gaba, a bar tazara, wanda ya fi kowa sanyi ya zo ƙarshe, jagora ya rufa masa baya. To mu kuma, da mun iso bakin hanya sai kowa ya ja birki ya koma gefe. Abdi ya miƙa hannu ya ce, "Baba, bismilla." Babu wanda ya tsara haka. Bahaushe ba zai shiga gaban dattijo ba, Bayarabe ma haka, Basomale ma haka, ɗan Fakistan har ɗan rusunawa yake yi. Baba kuwa ya gyara zama, ya miƙe ƙirji, ya shige. Tuƙin Wusasa yake yi, a tsaye ƙyam, hannu biyu a kan birki. Mu kuma mu jeru a bayansa, taya na shinshinar taya.

Asabar ta huɗu abin da ake gudu ya faru. Muna cikin gangare Baba ya hango wata saiwa, ya danne birki gaba ɗaya. Abdi ya daki bayansa. Hadiza ta kauce don kada ta hau Abdi, ta zarce cikin ƙaya, ta bugi dutse da hannu. Allah ya taƙaita, targaɗe ne kawai. Baba da kansa ya ɗaure mata hannun, ɗauri mai kyau irin na wanda ya san aikinsa, yana yi mata faɗan ta cika gaggawa.

Fiyona ta ja ni gefe. Ta ce, "Bitrus ne ya fi kowa sanyi, kuma kullum shi ne a gaba. Me ya sa?"

Na ce, "Shi ne babba. A wurinmu ba a wuce babba."

"Na gane, kuma abin ya burge ni. Amma yau hannu ne, gobe wuya ne. In ranar gwaji yana gaba, ba zan sa maka hannu ba. Ka yi masa magana."

Ka yi masa magana. Haka ta faɗa, kamar wadda ta ce in ƙara wa taya iska. Haushinta ya kama ni, haushin Abdi da bismillarsa ya kama ni, har na Baban ma. Amma a raina na san gaskiyarta.

Sau uku na je gidansa da wannan magana a baki. Zuwan farko na tarar ya yi miyar kuɓewa busasshiya, na ci, na ce ba a yi wa mutum irin wannan magana da tuwonsa a ciki. Na biyu na fara, "Baba, dama game da gangaren nan ne," ya ɗago ya zuba min ido, sai na ji kaina ina tambayarsa ko birkinsa yana kamawa da kyau. Na uku ma ban kai ko nan ba. Ya ɗauko min sabuwar safar hannu da ya saya, irin ta masu keke, yana juya ta yana tambayata ko ta yi. Na ce ta yi. Na fito ina tsaki, ina zagin kaina har tashar bas. Asabar biyun da suka rage na yi dabara na bi da mu hanyoyi masu faɗi, na ce saboda hannun Hadiza ne. Fiyona ta dai rubuta a littafinta.

Ranar gwaji gari ya waye da rana, abin da ba a cika samu ba. Komai ya tafi daidai. Na duba kowane keke, na ƙirga mutanena a kowace mararraba, na yi bayanin abin da za a yi in wani ya ji ciwo. Fiyona ce ta zaɓi hanya, ta kuwa zaɓi gangaren da Hadiza ta faɗi. Tun muna hawa nake gaya wa kaina zan matsa kusa da Baba in raɗa masa. Na matsa sau biyu, ya juyo yana haki yana murmushi, na koma.

Muka iso sama. Kowa ya ja birki ya koma gefe. Abdi ya miƙa hannu.

"Baba, bismilla."

Baba ya tura tayar gaba bakin hanya, ya ɗora ƙafa a feda. Na waiwaya na ga Fiyona ta cire murfin biro. Kekuna takwas, mako bakwai, wahalar da na sha a ƙofar masallaci, duk suka taso min lokaci ɗaya, zuciyar nan tawa ta zo wuya. Na buɗe baki da Turanci, da ƙarfi, yadda na tabbata ta ji.

"Bitrus, tsaya. Kai ne za ka zo ƙarshe. Ka fi kowa sanyi, kuma kana jefa sauran cikin haɗari. Koma baya."

Bitrus. Haka na kira shi, gatsal, yadda ita take kiransa. Ban san lokacin da ya fito ba.

Ya sauke ƙafarsa, ya riƙe kan keken, ya fara ja da baya. Wurin ba shi da faɗin juyawa, saboda haka sai da ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, da baya da baya, su bakwai. Kowa ya sunkuyar da kai. Abdi ya kafa wa tayarsa ido. Hadiza kaɗai ta dube ni, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na jera su. Abdi ya fara, na ƙirga goma, na saki na biyu. Suka gangara lafiya lau, babu wanda ya ko taɓa ƙasa. Baba ya shiga a ƙarshe, ni ina bayansa. Tun daga sama har ƙasa ƙeyarsa nake kallo, da furfurar da ta leƙo ta ƙasan hula. A hankali ya tafi, ya haye saiwar nan da ta tsorata shi, bai sauke ƙafa ko sau ɗaya ba.

A ƙasa Fiyona ta sa hannu, ta girgiza nawa. Ta ce abin da ya fi burge ta shi ne yadda na ba da umarni a fili, babu kwana-kwana. Baba ya buɗe kwanon ƙosai ya zagaya da shi kamar kullum. Da ya iso kaina ya miƙo ya ce, "Barka, Malam Nasiru." Na ɗauki ɗaya, na riƙe shi a hannu har muka tashi.

Asabar ta gaba bai zo ba. Ya aiko wa Hadiza cewa gwiwa ce. Ta gaba ma gwiwa. Abdi ya yi mako biyu ba ya amsa min sai da kai. Amma mutane ba su watse ba, wannan ma wani abin haushin ne. Suka ci gaba da zuwa, har suna kawo wasu, kekuna suka yi kaɗan muka koma karɓa-karɓa. Babu wanda ya ƙara faɗuwa a gangare. Na samu duk abin da na nema, kuma ko sau ɗaya ban ƙara jin daɗin fita ba.

Sai da na yi wata guda kafin na iya taka matakalarsa. Ya buɗe, ya amsa gaisuwa, ya zubo min abinci. Na durƙusa a tsakiyar falo na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe min."

"Tashi, kafet ɗin da sanyi." Ya zauna yana murza gwiwar da na san lafiyarta ƙalau. "Kana tsammani ban san ni ke tare hanya ba? Ni na ɗaure hannun yarinyar nan. Sau uku ka zo gidan nan, ina ganin maganar a bakinka. Na ce bari in ga ko yaron nan zai faɗa. Da a kicin ɗin nan ka ce, Baba, ka dawo baya ka riƙa duba mana waɗanda suka faɗi, da ni da kaina zan sanar a gaban kowa. Amma ba ka iya ba sai da ka sami Baturiya a gefenka."

Na ce, "Tsoro na ji, Baba. Kunyarka nake ji."

"Kunyar ce ta kai ka ga kiran sunana?" Ya ɗan yi dariya, ba ta jin daɗi ba. "Shekara talatin da huɗu, ɗan birni. Yaran da na koya wa ɗaura ruwa sun zama shugabannina, ina tafa musu. Ban taɓa kai ƙara ba. Wuri ɗaya ne a ƙasar nan aka taɓa matsawa gefe aka ce in wuce. Na san ba daidai ba ne. Daɗi ne ya yi min, shi ke nan. Ci abincinka, na yafe."

Ya yafe, amma bai dawo ba. Na roƙe shi, Hadiza ta roƙe shi, Abdi ya je har coci ya jira shi. Ya ce gwiwa. Kafin bizata ta ƙare Hadiza ta ci nata gwajin, na damƙa mata makullin kwantena. Ana gobe zan taso Baba ya ba ni wani ƙunshi, rigar sanyi da man zafi, ya ce in kai wa ƙanwarsa a Wusasa.

Kwanana biyar da dawowa Kwarbai, bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu, na ari keke a rumfar mahaifina na ɗaure ƙunshin a kariya. Na fita ta Ƙofar Kuyambana na nufi Wusasa. Gidan bai yi wuyar samu ba. Ƙanwar tasa, Mama Rahila, tsohuwar malamar firamare ce, kamarsu ɗaya da Baba har yadda suke ɗaga gira. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi sanyin ƙasar.

"Kai ne Nasirun keke? Ai na san ka. Tsaya ka gani."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani hoto da ta sa aka wanke mata, har da firam. Dajin ne. Baba ne a gaba, cikin kwat ɗinsa, hula ta karkace, bakinsa har kunne. Mu kuma muna jere a bayansa, ni can ƙarshe, da ƙyar ake ganin fuskata.

"Tun da matarsa ta rasu ban ga haƙoransa a hoto ba sai a wannan. Ya ce min, Rahila, yara sun sa ni a gaba. Duk wanda ya shigo gidan nan sai na nuna masa." Ta goge gilashin da bakin zanenta. "Da ka taho fa? Har yanzu shi ke jan su?"

Na ɗauki kofin ruwan na sha, na ƙara sha, har ya ƙare. Tana nan tsaye da hoton a hannu tana jira.

Na ce, "Shi ne, Mama."